Jaririn da aka haifa da ƙari a baki: numfashi za a fara nema ko ƙarin za a fara cirewa?

Ungozoma: Assalamu alaikum, likitoci da sauran 'yan uwa da ke wannan zaure. Akwai wani lamari da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya, kuma ina neman waɗanda suka fi ni sani su warware mini shi. A duk shekarun da na yi ina karɓar haihuwa sau ɗaya tak na gamu da irinsa. Matar ta zo da naƙuda cikin dare, haihuwarta ta uku, kuma hoton ciki ɗaya ta yi tun cikin yana wata biyar, aka ce mata komai lafiya. Da jaririyar ta fito sai na ga wani nama mai santsi, launinsa irin na dasashi, girmansa ya ɗara dunƙulen hannunta, ya cika mata baki har leɓɓanta ba sa haɗuwa. Ta yi ta yunƙurin kuka amma sautin ya ƙi fita sosai, ƙirjinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja numfashi. Na ɗora mata marufin fuska da muke hura iska da shi, ya ƙi zama, iskar tana ta zurarewa ta gefe. Sai na kwantar da ita a gefenta, na zura yatsa, na ji ashe naman yana rataye ne da wani siririn wuya daga dasashin sama. Na jawo shi waje a hankali, nan take ta tsala kuka, shuɗin da ke leɓɓanta ya fara washewa. Da gari ya waye aka tura su babban asibiti, kuma daga baya na ji an cire mata shi lafiya. Tambayoyina su ne: mene ne wannan abu, shin abin da na yi daidai ne, kuma da a ce na ja shi bai jawu ba, me ya rage mini?

Likitan Tiyatar Yara: Wa alaikumus salam, Sista. Abin da kika yi daidai ne, kuma ba ni da abin da zan ƙara miki a kai. Yadda kika siffanta shi, wato mai santsi, mai siririn wuya, daga dasashin sama, kuma a bakin 'ya mace, kusan babu shakka abin da muke kira efulis na haihuwa ne. Wani likitan binciken cututtuka ɗan ƙasar Jamus mai suna Ernst Neumann ne ya fara bayaninsa a shekarar 1871, shi ya sa a wasu littattafai za ki ga an laƙaba masa sunansa. Ya fi samun 'ya'ya mata nesa ba kusa ba, domin a duk namiji ɗaya ana samun mata takwas zuwa goma, kuma ya fi fitowa a muƙamuƙin sama, daidai inda haƙoran gaba za su tsiro. A kusan ɗaya cikin goma na masu shi ana samun fiye da guda, saboda haka idan an ga ɗaya a duba sauran bakin da kyau.

Duk da munin ganinsa, wannan ƙari mai ladabi ne. Ba ciwon daji ba ne, ba ya rikiɗewa ya zama ciwon daji, yana daina girma da zarar an haifi jaririn, kuma ko da an bar ɗan guntunsa wajen cirewa ba a san shi da dawowa ba. Ƙananan ciki ma wani lokaci da kansu suke motsewa. Shi ya sa idan za mu cire shi ba ma zurfafa yanka, don kada mu taɓa 'ya'yan haƙoran da ke kwance cikin dasashi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi, domin akwai wani ƙarin da ba ya jawuwa. Sunansa taratoma, kuma idan ya tsiro daga ganɗa ko gindin ƙoƙon kai ya cika maƙoshi ya fito ta baki ana kiransa efignatus. Ana ƙiyasta samunsa tsakanin haihuwa ɗaya cikin 35,000 zuwa ɗaya cikin 200,000, kuma wannan tazara mai faɗi kaɗai ta isa ta nuna yadda yake da ƙarancin aukuwa. A cikinsa akan tarar da gashi, ƙashi, guringuntsi, haƙora, har da naman ƙwaƙwalwa, saboda ya samo asali ne daga ƙwayoyin farko da ake gina dukkan jiki da su. Wani yakan kai girman kan jaririn ko ya fi. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, wurin da ƙarin ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Jariri da hanci ya fi shaƙar numfashi a makonninsa na farko, don haka babban ƙari a gaban baki ya fi hana shan nono fiye da hana numfashi, alhali ƙaramin ƙari can bayan harshe, kusa da ƙofar maƙogwaro, yana iya kashewa cikin mintoci.

Ɗalibin Likitanci: Ranka ya daɗe, na ƙaru matuƙa. Amma abu biyu sun ɗaure mini kai. Na farko, Sista ta ce an yi wa matar hoto a wata na biyar ba a ga komai ba. Sakaci ne na mai ɗaukar hoton ko kuwa? Na biyu, abin da na karanta shi ne duk ɗan tayin da aka gano yana da ƙari a baki ko wuya, ta hanyar aikin nan da ake kira EXIT, wato tiyatar haihuwar da ake samar wa jariri hanyar numfashi kafin a yanke cibiya, ya kamata a haife shi. Ashe ke nan ita ma wannan jaririya, da an gano tun da wuri, aikin za a yi wa mahaifiyarta?

Likitar Mata da Haihuwa: Ƙanena, kada ka yi saurin ɗora wa mai hoton laifi. Efulis a watanni ukun ƙarshe na ciki yake girma, don haka hoton mako na 20 yana iya fita tsaf alhali abin yana tafe. Taratoma kuwa yakan bayyana tun a tsakiyar ciki, kuma yana da 'yan rakiya da ya kamata su farkar da mu. Ɗan tayi yana haɗiyar ruwan da yake kwance a ciki kullum, to idan ƙari ya tare maƙoshi sai haɗiyar ta gagara, ruwan ya taru fiye da kima, cikin uwa ya yi girman da ya wuce watanninsa, tumbin ɗan tayin kuma ya bayyana ƙarami ko a rasa ganinsa a hoto. Duk wanda ya ga ruwa ya yi yawa kuma tumbi babu komai, wajibi ne ya koma ya duba fuska da wuya a tsanake, ya lura ko bakin a buɗe yake ba ya rufuwa, ko wuyan ya ɗage baya ya ƙi dawowa. Daga nan sai a yi hoton maganaɗisu, wanda aka fi sani da MRI, domin shi ne ke nuna ko akwai sauran hanya tsakanin hanci da maƙogwaro, da kuma ko ƙarin ya kutsa cikin ƙoƙon kai. Idan ya shiga ƙwaƙwalwa sosai, maganar da za a yi da iyaye dabam ce, kuma mai ɗaci ce.

Game da tambayarka ta biyu, ban yarda da abin da ka karanta ba, kuma zan faɗi dalili. Amma bari in fara bayyana aikin don waɗanda ba su san shi ba. A tiyatar haihuwa da aka saba, ana ciro jariri gaba ɗaya, mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta fara saɓulewa cikin 'yan mintoci, daga nan kuma huhun jaririn ne kaɗai madogararsa. A wannan aikin kuwa ana yi wa uwa maganin barci mai zurfi har mahaifa ta saki jiki, a tsaga ta nesa da inda mabiyiya take, a fito da kan jaririn da wuyansa da hannu ɗaya kawai, sauran jikin da igiyar cibiya suna ciki. Ana ta ɗura ruwa mai ɗumi cikin mahaifar don kada ta ji ta zama wofi ta tsuke. Muddin mabiyiya tana manne, uwa ce ke yi wa jaririn numfashi, su kuma likitoci suna da sararin neman hanyar iska ba tare da gaggawa ba. Sai bututun numfashi ya zauna a maƙogwaron jaririn, an tabbatar iska tana shiga huhu, sannan a yanke cibiya. A Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, a Amurka, aka daidaita wannan hanya cikin shekarun 1990, kuma asali don wata matsala dabam aka ƙirƙiro ta, wato cire abin da aka toshe maƙogwaron ɗan tayi da shi da gangan don huhunsa ya girma idan yana da hujin shamakin da ke raba ƙirji da ciki.

Likitan Sa Barci: Dakta, kafin ki kawo dalilinki bari in faɗi nawa ɓangaren, tunda ni ne ke tsaye a kan uwar. Maganin barcin da muke shaƙa mata mukan ninka shi biyu zuwa uku a kan abin da aka saba, wani lokaci mu ƙara da naituroglisarin, duk don mahaifa ta yi laushi. Wannan yana sa jininta ya sauka, idan kuma ya sauka jinin da ke zuwa mabiyiya ya ragu, saboda haka hannu ɗaya yana sassauta mahaifa, ɗaya kuma yana ba da maganin ɗaga jini. Shi ma jaririn ana yi masa allurar kashe zafi da ta hana motsi a kafaɗa, a maƙala masa na'urar auna iskar oksijin a hannun da aka fito da shi. Wanda bai saba ba idan ya ga na'urar tana nuna kashi 60 ko 70 cikin 100 sai hankalinsa ya tashi, alhali wannan shi ne daidai ga wanda bai fara numfashi da huhunsa ba. Ana iya samun kusan awa ɗaya a haka, har an ba da rahoton waɗanda suka haura awa biyu.

Matakan neman hanyar a jere suke. Ana fara leƙawa ta baki a gwada zura bututu, idan ya ƙi a shiga da madubin maƙogwaro mai sanda, idan shi ma ya ƙi a huda maƙogwaron ta wuya, idan kuma ƙarin ya rufe wuyan sai a rage shi ko a cire shi nan take jaririn yana kan mabiyiya. Ra'ayina shi ne ɗalibinmu bai yi nisa da gaskiya ba. Idan akwai kokwanto ko kaɗan game da hanyar numfashi, gara a yi aikin. Na taɓa tsayawa a kan jaririn da aka yanke wa cibiya, muna leƙawa ba ma ganin komai sai nama da jini, bugun zuciyarsa yana sauka a kunnena. Duk wanda ya ji wannan sautin sau ɗaya ba ya son ya sake jinsa. Ƙwaƙwalwa ba ta jimre rashin iska fiye da 'yan mintoci, kuma abin da ya lalace a cikinsu ba ya gyaruwa.

Likitar Mata da Haihuwa: Yallaɓai, na fahimci fargabarka, amma marasa lafiya biyu ne a kan gadon, kuma ɗaya daga cikinsu lafiyarta ƙalau ta shigo. Mahaifar mai cikakken ciki tana karɓar jini fiye da rabin lita a kowane minti. Mun sassauta ta da gangan, mun tsaga ta, mun bar ta a buɗe tsawon lokaci, sannan muna so da zarar an yanke cibiya ta tsuke nan take da allurar oksitosin. Mafi yawan lokaci tana yi, amma idan ta ƙi, zubar jini ne mai tsanani, sai ƙarin jini, wani lokaci ma har a kai ga cire mahaifar. Raunin ma ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta fiye da na tiyatar da aka saba. Idan kuma wurin da mabiyiya take ya tilasta mu tsaga saman mahaifa, to duk haihuwar da matar za ta yi nan gaba sai da tiyata, kuma tana ɗauke da haɗarin tsagewar mahaifa idan naƙuda ta kama ta. Ba na ganin adalci ne a ɗora wa mace duk wannan saboda efulis mai wuya wanda hoto ya nuna ƙarara cewa hanci da maƙoshi a buɗe suke, ruwa bai taru ba, tumbi kuma cike yake. Irin wannan jaririn a haife shi a asibitin da ke da likitan jarirai da likitan kunne, hanci da maƙogwaro a tsaye cikin ɗaki, kayansu a buɗe, ya wadatar. Abin da Sista ta yi da yatsa ɗaya shi ne hujjata.

Likitan Sa Barci: Hujjarki tana da ƙarfi, Dakta, kuma a kan efulis ɗin da kika siffanta na sallama. Inda ban sallama ba shi ne dogaro da hoton da aka ɗauka makonni kafin haihuwa, domin taratoma yana iya ƙara girma cikin ɗan lokaci, hanyar da aka gani a buɗe a mako na 30 ta rufe a mako na 36. Idan za a bar aikin, to a sake hoto dab da haihuwa.

Likitar Mata da Haihuwa: Wannan sharaɗi na karɓe shi. Zan ma ƙara da cewa yawan ruwan nan yana jawo naƙuda kafin lokaci, don haka duk shirin da aka yi na mako na 37 dole a yi masa na ko-ta-kwana, kowa ya san wanda za a kira idan faya ta fashe da tsakar dare. Akan rage ruwan da allura kafin ranar aikin, don a sauƙaƙa wa uwa numfashi kuma a ga iyakar mabiyiya da kyau.

Mahaifin Yarinya: Likitoci, ku gafarce ni da shiga maganar manya, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma abin da kuke tattaunawa a gidana ya faru. Cikin maiɗakina ya kumbura a wata na bakwai har ba ta iya kwanciya sai a jingine. Wanda ya fara yi mata hoto ya ce ruwa ne kawai ya yi yawa, kada mu damu, bai ko dubi fuskar yarinyar ba. Sai da muka je wani wuri aka ga ƙarin. An yi mata wannan aikin da kuke faɗa, bututu ya ƙi shiga ta baki, aka huda wa yarinyar wuya, bayan 'yan kwanaki aka cire ƙarin, sai aka tarar ganɗarta a tsage take.

Abin da babu wanda ya shirya ni a kansa shi ne kukanta. Za ka ga fuska ta yamutse, baki a buɗe, hawaye na zuba, amma babu murya ko kaɗan, sai wani ɗan huci daga bututun wuyan. Muka riƙa kwana bi da bi, ɗaya yana barci ɗaya yana sauraro, domin idan majina ta taru za ka ji gurgurar ta canza, sai ka tashi ka zuƙe ta da na'ura kafin ta toshe. Wata rana bututun ya zame ina yi mata wanka, na mayar da shi hannuna yana rawa, kuma da nas ba ta tilasta mini na gwada sau da yawa kafin a sallame mu ba, da ban san abin da zai faru ba. An ɗinke ganɗar tana kusan shekara ɗaya, daga baya aka cire bututun, yanzu tana magana, sai dai wasu haruffan suna fita ta hanci. Tambayata biyu ce. Har yau mahaifiyarta tana zargin kanta cewa wani abu ta yi ko ta sha lokacin goyon ciki. Sannan har yanzu ana ɗibar jinin yarinyar lokaci zuwa lokaci, ban gane me ake nema ba.

Likitan Tiyatar Yara: Malam, maganarka ta fi ta kowa amfani a nan, Allah ya raya ta ya ƙara mata lafiya. Ka faɗa wa mahaifiyarta daga gare ni cewa babu wani abu da aka tabbatar uwa tana yi ko tana sha da ke haddasa wannan ƙari, wato taratoma. Yana farawa ne tun makonnin farko, lokacin da ake tsara halittar fuska da baki, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da ciki, kuma ba a san shi da bin zuriya ba. Tsagewar ganɗar ma ƙarin ne ya jawo ta, domin ɓangarori biyu na ganɗa suna tahowa ne daga gefe su haɗu a tsakiya, shi kuma ya zauna a tsakaninsu ya hana su gamuwa.

Jinin da ake ɗiba ana auna wani sinadari ne mai suna alfa-fitofurotin. Kowane jariri ana haifarsa da shi da yawa, sannan ya riƙa sauka har ya kai na manya kafin ko wajen cikar shekara ɗaya. Mafi yawan taratoman baki na jarirai ba ciwon daji ba ne, amma idan wani ɓangare ya rage, musamman can gindin ƙoƙon kai inda wuƙa ba ta kaiwa da sauƙi, yana iya sake tsirowa, a wasu lokuta ƙalilan kuma ya rikiɗe. Idan sinadarin ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa, shi ne ke fara sanar da mu tun kafin ido ya ga komai. Kada ku gaji da zuwa. Maganar da ke fita ta hanci kuma a kai ta wurin masu koyar da furuci, a kuma duba kunnuwanta, domin masu tsagaggiyar ganɗa ruwa yana yawan taruwa musu a bayan dodon kunne.

Ungozoma: Malam, labarinka ya sa ni hawaye. Likitoci, ku yi haƙuri in mayar da ku tambayata ta farko, domin duk abin da kuka faɗa yana buƙatar a gano matsalar tun kafin haihuwa, da ɗakin tiyata mai mutum goma sha. Ni kuwa daren nan daga ni sai nas ɗaya. Wanda abin ya zo masa ba zato, me zai yi a mintocin farko?

Likitan Sa Barci: Sista, kada ki ɓata lokaci wajen gane sunan ƙarin, wannan aikin gobe ne. Ki aika a kira duk wanda ya fi iya zura bututu a wurin, ke kuma ki kwantar da jaririn a gefe ko rub da ciki, don nauyin ƙarin da harshe ya faɗo gaba maimakon baya. Idan yana jawuwa ki jawo shi waje kamar yadda kika yi, ki tura muƙamuƙin ƙasa gaba, ki zuƙe majina a hankali ba tare da kin sa ƙarin ya yi jini ba. Idan marufin fuska ya ƙi zama, ki tuna da hanci. Ki ɗauki bututun numfashi mai laushi, ki shafa masa mai, ki zura ta ƙofar hanci har bakinsa ya wuce bayan harshe, ba sai ya shiga maƙogwaro ba, sannan ki ba da iska ta nan, ki toshe ɗaya ƙofar hancin da bakin gwargwadon iko. Wannan dabara ta ceci jarirai da yawa. Akwai kuma marufin da ake zurawa ya zauna a kan ƙofar maƙogwaro, lamba 1, wanda ke yi wa jaririn da ya kai kilo 2, idan akwai hanyar da zai wuce.

Gargaɗi biyu zan yi wa wanda zai zura bututu. Kada ya ba jaririn maganin da ke tsayar da numfashi kafin ya tabbatar zai iya hura masa iska, domin ɗan numfashin da yake ja da kansa shi ne kaɗai abin da ya rage masa. Kuma kada ya yi ta gwadawa ba iyaka. Faɗin hanyar iskar jariri a wurin da ta fi ƙunci bai wuce milimita 4 ba, bututun da ke shiga kuwa mai milimita 3 ne ko 3.5. Idan tsokana ta sa ta kumbura da milimita 1 kacal a kewaye, kashi uku cikin huɗu na sararin ya tafi.

Likitan Tiyatar Yara: Ni kuma in ƙara da abin da bai kamata a yi ba. Kada a ɗaure ƙarin da zare, kada a tsaga shi, kada a soka masa allura don a ga abin da ke ciki, sai fa idan rai ne zai fita kuma babu wata hanya. Ba duk abin da ya leƙo ta baki ne efulis ba. Akwai jakar ƙwaƙwalwa da ke zurowa ta wani gibi a gindin ƙoƙon kai ta bayyana a maƙoshi, wanda ya yanke ta ya buɗe ƙofar sanƙarau. Akwai tarin jijiyoyin jini da ke zubar da jinin da jariri ba zai iya jurewa ba, domin duk jinin jikinsa bai kai kofi biyu ba. Akwai kuma waɗanda ƙullin da ke gindin harshensu shi ne kaɗai halittar maƙoƙon da ke jikinsu, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, idan aka cire shi an bar su da shan magani har abada. Wasu ma ba wuƙa suke so ba, kamar jakunkunan ruwa na ƙarƙashin harshe da wuya, waɗanda ake yi musu allurar bilomaisin ko doksisaikilin su motse, ko a ba da sirolimus idan sun bazu. Hoto kafin wuƙa, muddin jaririn yana numfashi. Idan za a tura shi wani asibiti kuwa, a lulluɓe ƙarin da auduga mai danshi, a kiyaye ɗumin jikinsa, kuma wanda ya iya riƙe hanyar iska ya raka shi a cikin motar.

Ɗalibin Likitanci: Ranka ya daɗe, ba za a iya cire shi tun yana ciki ba a huta da duk wannan?

Likitan Tiyatar Yara: An taɓa yi. A shekarar 2010 a birnin Mayami na Amurka, Ruben Quintero da Eftichia Kontopoulos sun shiga mahaifa da siririn madubi suka yanke wuyan wani taratoman baki da hasken leza tun cikin yana tsakiya, aka haifi yarinyar lafiya, suka kuma buga rahoton a 2012. Amma ka lura wancan ƙarin yana da siririn wuyan da za a iya yankewa. Wanda ya kafu da faɗi a ganɗa, jijiyoyin jini suna shigarsa ta ko'ina, ba ya yankuwa haka, kuma huda mahaifa a tsakiyar ciki yana iya fasa faya ya jawo haihuwar bakwaini. Zaɓi ne na 'yan ƙalilan a cibiyoyi ƙalilan.

Ungozoma: Allah ya saka muku da alheri. Bututun hancin nan ban taɓa tunaninsa ba, kuma gobe zan sa shi cikin kayan farfaɗo da jarirai na ɗakinmu. Saura abu ɗaya da uwar ta tambaye ni a daren ban iya amsa mata ba. Ta ce yaya za ta shayar da ita kafin a yi aikin, kuma shin haƙora za su fito a wurin?

Likitan Tiyatar Yara: Idan jaririyar ba ta iya kama nono, uwa ta fara tatsa tun awannin farko, ta riƙa yi kamar sau takwas a yini da dare don kada nonon ya ɗauke, a ba ta ta siririn bututu zuwa tumbi. Idan hanci ne kaɗai hanyar numfashinta, a bi da bututun ta gefen baki don kada a toshe mata ƙofa ɗaya. Bayan cire efulis yawancin jarirai suna komawa kan nono cikin kwana ɗaya ko biyu, domin raunin ƙarami ne kuma bakin jariri yana saurin warkewa. Haƙora kuwa galibi suna fitowa a kan lokacinsu. Wani lokaci akan ga ɗan lotsawa a dasashin inda wuyan ƙarin yake, wanda yakan cike yayin da muƙamuƙi ke girma, don haka a nuna ta ga likitan haƙori idan na gaba sun fara tsirowa.